Uku-uku ta gama gari

Ka tuna wannan kacici-kacicin? In a gida ka tashi, ba sai ka ba da gari ba: murhu ne. To gwada shi a kan ɗanka da aka haifa a Landan ko Jidda, ka ga yadda zai yi zuru. Shi a wurinsa murhu wani abu ne da ake murɗawa wuta ta kama. Ina uku a ciki?

Asalin murhu duwatsu uku ne da ake girka tukunya a kai. Wasu kan ce murfu, don a Hausa "f" da "h" suna yawan musanya gaban wasalin "u", kamar fura da hura. Me ya sa uku? Saboda ƙafa uku ba ta girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba. Kujera mai ƙafa huɗu ce ke bukatar a sa mata tsinke. Ga kuma ƙofofi uku tsakanin duwatsun, na tura itace da shigar iska.

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Abin nan da ake kafa kyamara ko waya a kai, wanda Turawa ke kira tripod, sunansa daga Girkanci ya fito, ma'anarsa "ƙafa uku", kuma tun farko tukunyar tagulla ce mai ƙafafu da ake ɗorawa kan wuta. Girkawa sun ɗaukaka ta har ta zama kyautar gasa. Bayan sun ci Farisa da yaƙi a Filatiya a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun kai irinta ta zinariya wurin bautarsu a Delfi. Ginshiƙin tagullar da ya ɗauke ta yana nan tsaye a Istanbul.

Larabawa kuwa suna kiran duwatsun "asafi". Makiyayi kan aje biyu ya jingina tukunya da gefen tsauni, tsaunin ya zama na ukun. Shi ya sa in masifa ta kai maƙura sukan kira ta "ta ukun asafi".

Mu namu sunan ya fi duwatsun tsawon rai. Kurfoti ya shigo daga Turanci, risho daga Faransanci, amma ba su kore shi ba: yau muna cewa murhun gawayi, murhun gas, murhun lantarki.

Abin da ke neman ɓacewa shi ne hoton da ke bayan kalmar. In yaro bai san duwatsun ba, kacici-kacicin ya mutu a bakinsa. Don haka ranar da kuka fita shan iska, tsinci duwatsu uku, ɗora tukunya, ka ce ya janye ɗaya. Sauran bayanin tukunyar ce za ta yi masa.