Waƙa da Siyasa a Ƙasar Hausa: Daga Wa'azi zuwa Jam'iyya

Tun kafin zuwan Turawa, waƙar Hausa iri biyu ce, kowace da gidanta. Akwai waƙar baka ta makaɗan fada, waɗanda aikinsu yabon sarki da zambon abokan gabansa. Akwai kuma rubutacciyar waƙa ta malamai, wadda a kan tsara da ajami bisa karin waƙar Larabci, a buɗe ta da sunan Allah, a rufe da salati. Makaɗi ya dogara ga kyautar ubangidansa, saboda haka ba ya iya faɗa masa abin da ba ya so. Malami kuwa ya dogara ga littafi, shi ya sa ya sami bakin yi wa mai mulki gargaɗi.

Shugabannin jihadin 1804 su ne suka ƙarfafa wannan hanya ta biyu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san talakawa ba su karanta Larabci, amma suna haddace waƙa, sai ya zuba koyarwarsa cikin baitoci. Waƙarsa Tabbat Haƙiƙa, wadda ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, gargaɗi ce ga mahukunta da alƙalai masu zalunci, ko da cikin jama'ar Shehu su ke.

Sa'ad da siyasar jam'iyyu ta kunno kai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wannan gado ne 'yan boko suka ɗauka. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya haɗa ilmin Arabiyya da na boko, ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya nuna wa sarakuna abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan 1947, ya ce in ba su gyara ba, haka za ta same su. Ginin waƙar na wa'azi ne, da amsa-amo guda daga farko har ƙarshe, har kalmomin nan biyu na kanta ma aro ne daga Larabci. Abin da ya sake shi ne azabar da a ke tsoratarwa da ita, domin ta tashi daga wutar lahira ta koma rushewar sarauta a duniya. Daga Kano Mudi Sipikin ya mayar da martani da Arewa Jumhuriya Kawai, watau shi bai ga sauran zaɓi ba.

Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, NPC kuma ta zama jam'iyya a 1951, sai waƙa ta zama makamin neman ƙuri'a. Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun yi wa NEPU, Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta. Makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo kuwa sun waƙe Sardauna. A nan ne gidajen nan biyu suka gauraya. Marubuci ya ari zambo da habaici daga makaɗi, ya kuma sami abin da malamin da ba shi da shi, watau ubangida, ko da ya ke ubangidan jam'iyya ce.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rushe jam'iyyun, amma al'adar ta farfaɗo a 1979, ta sake farfaɗowa a 1999. A wannan karo ɗakunan ɗaukar sauti na Titin Gidan Zu, daura da Gyaɗi-Gyaɗi, suka maye gurbin takarda da alƙalami, fiyano ta shiga tsakanin baitoci. Yawancin waƙoƙin sun karkata ga yabon ɗan takara, irin na fada. Duk da haka gargaɗi bai mutu ba, kuma har a lokacin yana da tsada: a 2009 an kama Aminu Ala a Kano, aka gurfanar da shi gaban kotu saboda waƙarsa Hasbunallahu, wadda addu'a ce a kan azzalumai.

Saboda haka mai nazarin waƙar siyasa ba zai tsaya ga kari da amsa-amo kaɗai ba. Wajibi ne ya binciki wanda ya ɗauki nauyin mawaƙin, domin nan ne za a gane ko gadon malami ya ɗauko, ko na makaɗi.