Tsirarar ƙwaya da tarihin rigakafin nimoniya

A shekarar 1928 wani likita a Landan, Frederick Griffith, yana aiki da iri biyu na ƙwayar numokokas, mai haddasa nimoniya da sanƙarau. Ɗaya tana sanye da riga mai santsi ta sukari, ita ce mai kisa. Ɗayar tsirara take, ko ɓera ba ta iya kayarwa. Da ya haɗa tsirarar da gawar mai rigar ya yi wa ɓeraye allura, sai suka mutu, tsirarar ta koyi ɗinka riga. Daga nan Oswald Avery da abokan aikinsa a cibiyar Rockefeller ta Amurka suka gano a 1944 cewa DNA ce ke ɗauke da gadon halitta. Amma ga mai neman rigakafi, darasin ya fi kusa: muguntar ƙwayar tana cikin rigarta, saboda haka rigar za a nuna wa jiki ya haddace.

An yi hakan, har allurar 1983 ta ƙunshi rigunan iri 23. Sai dai jikin jariri ɗan ƙasa da shekara biyu ba ya riƙe darasin sukari zalla, alhali shi cutar ta fi ɗauka. Mafita ta fito daga ƙwayar mashaƙo, wadda aka samu wani irinta mai fitar da dafin da ba ya cutarwa, ana kiransa CRM197. Da aka ɗaure sukarin a jikin wannan gurgun dafi, sai jikin jariri ya karɓa. Haka aka samu allurar Prevnar a 2000.

Akwai masu cewa bai kamata a ɗauko abu daga ƙwayar cuta a sa wa yaro ba. Tsoron uwa ne, bai cancanci raini ba, amma babu ƙwaya mai rai a cikin allurar, ɓangarorinta ne aka tace. Wasu kuma na ganin fenisilin ya isa, kuma wannan ra'ayi ne ya sa aka janye allurar farko ta sukarin rigar daga kasuwa a shekarun 1950. Kuskure ne mai tsada, domin ƙwayar numokokas ta koyi jure magani, kuma yaron ƙauye yakan cika kafin a kai shi asibiti. A gwajin da aka yi a Gambiya, wanda aka wallafa a 2005, mutuwar yaran da aka yi wa allura irin ta Prevnar ta ragu da kashi 16 cikin 100. Najeriya ta fara sa irin wannan allura cikin rigakafin yara a Disambar 2014.