Daga Sanƙarau zuwa Shan Inna: Darasin Amana

Da shugabannin ƙungiya suka ce in kawo tawa gudummawar a wannan mujalla ta tunawa, sai na zaɓi tarihin da ya shafe mu kai tsaye, musamman mu da ke karatun likitanci a nan Sudan.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Nijeriya. Sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana na Kano, ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan, yara kusan 200 ke cikin gwajin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta yi kisan. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a rigakafin shan inna. Mutane suna tambaya: zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, magani sai da kuɗi, me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake bin mu da shi gida-gida kyauta? Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya.

Amma fa kafin nan ɓarna ta auku. Ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. A 2004 ta ɓulla a Darfur, bayan Sudan ta shekara uku ba ta ga ko mutum ɗaya ba, ta kai har Yaman da Indunusiya. Yaran da suka shanye ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Me ya juya lamarin? Ai maganin nan dai shi ne, bakin da ke kawo saƙon ne ya sauya. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga gaba, limamai suka yi huɗuba, matan unguwa suka shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Wasu da rayukansu suka biya: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Abin da na ɗauka shi ne, wanda ya ƙi rigakafi ba lallai jahili ba ne, sau da yawa an taɓa cin amanarsa. Ran da muka koma gida da kwalayenmu, kada mu yi wa iyayenmu kallon ƙauyawa. Mu zauna da su a kan tabarma, mu ji tsoronsu, mu faɗi gaskiya da harshen da suke ji, tun kafin wata annobar ta ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu ilimi mai amfani.