Bai wa tela mai zaman kanta aiki a Kaduna: Me doka ta tanada?

A unguwannin da ke arewacin kogin Kaduna, irin su Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Rimi da Badarawa da Kawo, ɗinki na daga cikin manyan sana'o'in da mata ke dogaro da su. Wasunsu na da shago, wasu kuwa a cikin gida suka kafa kekensu.

Masu ba su aiki sun haɗa da masu shagunan sayar da ɗinkakkun kaya, da makarantun boko da na Islamiyya masu buƙatar kayan ɗalibai da hijabai, da kuma iyalai masu ankon biki ko ɗinkin Sallah.

Galibi da fatar baki ake ƙulla wannan hulɗa. Sai an sami saɓani ne tambaya ke tasowa: shin matar ma'aikaciyar mai ba da aikin ce, ko kuwa 'yar kwangila ce mai cin gashin kanta? Amsar ita ke nuna haƙƙin kowa, da kuma kotun da za a nufa.

Asalin lamarin

Kaduna ta yi suna a matsayin cibiyar masaƙu ta Najeriya. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, sannan aka kafa UNTL a 1964, dukansu a Kakuri da ke kudancin kogin.

Ma'aikacin masaƙa yana da takardar ɗauka aiki da albashi da hutu da kuma ƙungiyar da ke tsaya masa. Rufe Kaduna Textiles a 2002, da tsayawar UNTL a 2007, sun raba dubban mutane da wannan gata.

Durƙushewar masaƙun ce ta sa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ta mayar da hankali wajen jawo teloli masu zaman kansu cikinta.

Haka kuma rusa Kasuwar Barci da gwamnatin jihar ta yi a watan Maris na 2020, domin sake gina ta, ya taɓa masu sayar da yadi da telolin da suka daɗe suna sana'a a wurin.

Abin da dokar ƙwadago ta ce

Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

Ta kuma tanadi hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan cika wata 12, da hutun haihuwa na mako 12, tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki.

Sai dai sashe na 91 na dokar ya cire wasu mutane daga cikin waɗanda ake kira ma'aikata. Daga cikinsu akwai wanda aka bai wa kaya ya haɗa, ko ya gyara, ko ya ƙawata domin sayarwa, a gidansa ko a wani wurin da ba ya ƙarƙashin ikon mai kayan.

Wato matar da mai shago ke aika wa yadi tana ɗinka masa hijabai a ɗakinta ba ta cikin masu cin moriyar waɗancan tanade-tanade.

Shi ma mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, bai shafi wanda ake biya gwargwadon yawan abin da ya yi ba, kuma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta amince da wata yarjejeniya kan masu aiki a gida a 1996, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da ita.

Yadda kotu ke bambancewa

Sunan da aka laƙaba wa hulɗar ba shi kaɗai kotu ke dubawa ba. A hukuncin da ta yanke a 2008, a shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, Kotun Ƙolin Najeriya ta zayyana alamun da ake lura da su.

Alamun sun haɗa da yadda ake biya, wato albashi ne ko lada, da wanda ya mallaki kayan aiki, da wanda ke ƙayyade lokacin aiki da wurinsa, da kuma ko mai aikin na da ikon miƙa shi ga wani.

Idan keken nata ne, ita ke biyan hayar shago da kuɗin wuta da man janareta, tana karɓar ɗinkin wasu, kuma tana iya sa yaranta su taya ta, to alamu sun nuna aikin jinga ne.

Amma idan mai shago ne ya ajiye keken, ya sa mata lokacin zuwa da na tashi, ya hana ta ɗinkin waje, yana biyanta a ƙarshen wata, to ana iya ɗaukarta ma'aikaciya ko da an kira ta 'yar kwangila.

Rikicin ma'aikaci da ubangidansa hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, wadda ke da reshe a Kaduna. Rikicin kwangila kuwa galibi kotunan jiha ne ke sauraronsa, ciki har da kotunan shari'ar Musulunci idan ɓangarorin Musulmi ne.

Matsayin fiƙihu

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance ɗan ƙodagon da mutum ɗaya ya keɓe wa kansa da mai sana'ar da ke yi wa jama'a aiki. A cikin kashi na biyu tela mai zaman kanta take.

A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a arewacin Najeriya, mai sana'ar da ya buɗe ƙofarsa ga jama'a shi ke ɗaukar nauyin kayan da aka bar masa idan suka ɓata ko suka lalace, sai fa in an sami shaidun cewa ba da sakacinsa ba ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya kawo asalin wannan hukunci.

Haka nan fiƙihu ya sharɗanta a san aikin, a kuma san ladan tun kafin a fara. Al'adar nan ta a bar maganar kuɗi sai an gama ɗinki ta saɓa wa wannan sharaɗi, kuma tana yawan haddasa jayayya.

Abin da ya kamata a rubuta

Tun da dokar ƙwadago ba ta kai ga irin wannan hulɗa ba, yarjejeniyar da ɓangarorin suka ƙulla ita ce madogararsu. Alkawarin baka yana da ƙarfi a doka, amma tabbatar da shi a gaban alƙali na da wuya. Takarda ɗaya mai sa hannun shaidu, ko saƙon WhatsApp da kowa ya amsa, na iya zama hujja.

Ya kamata a bayyana yawan kayan da samfurin ɗinkin da awon kowane, da adadin yadi ko turamen atamfar da aka miƙa, da kuma wanda zai sayi zare da shafi da maɓallai.

A rubuta ladan kowace riga, da kuɗin kafin alƙalami, da ranar biyan ciko. A sa ranar karɓar kaya, musamman a watan azumi da lokacin komawar ɗalibai makaranta, sa'ad da aiki ke yi wa teloli yawa.

A kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara idan ɗinki bai yi daidai ba, da makomar ragowar ƙyalle, da ko an yarda ta miƙa wani ɓangare na aikin, kamar surfani, ga wata.

Ita ma telar tana da abin da take gudu. Mai kaya kan ƙi zuwa karɓa, ko ya sauya samfuri bayan an yanka yadi, ko ya jinkirta biya alhali ta riga ta kashe kuɗinta.

Domin babu fansho ko hutun rashin lafiya a wuyan mai ba ta aiki, daga ladan ɗinkin ne za ta fitar da gyaran keke da magani da tanadin tsufa. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin fansho na masu sana'ar kansu, wanda shigarsa ganin dama ce, kuma mai sana'ar ce ke zuba kuɗin da kanta.