Rawar Tarbar Baƙi A Indonesiya: Tarihin Gending Sriwijaya

Yau tarihi zai kai mu birnin Palembang da ke kudancin tsibirin Sumatra a ƙasar Indonesiya, inda ake tarbar babban baƙo da wata rawa mai suna Gending Sriwijaya.

Rawar ta ci sunan daular Sriwijaya ne, wadda ta yi tashe tun ƙarni na 7, tana riƙe da hanyar da jiragen ruwan fatake ke bi tsakanin Sin da Indiya. Arzikin daular daga baƙi yake zuwa, don haka ba ta wasa da su. A shekarar 671 wani malamin addinin Buda mai suna Yijing ya taso daga Sin ya sauka a can, ya yi wata shida yana karatu, sarkin ya kuma taimaka masa ya ci gaba da tafiyarsa.

Sai dai ita rawar ba ta kai haka tsufa ba. Bayan Japanawa sun mamaye ƙasar a 1942, sai suka buƙaci a shirya waƙa da rawar da za a riƙa tarbar manyan baƙi da su. Mutanen gari suka shirya, amma suka raɗa mata sunan daular kakanninsu. An fara yin ta a bainar jama'a ranar 2 ga Agusta, 1945, a harabar babban masallacin Palembang, kwana 15 kafin a yi shelar 'yancin kan ƙasar. 'Yan mamaya suka tafi, rawa ta zama ta masu gida.

'Yan mata tara ne ke yin ta, adadin manyan kogunan yankin. Suna sanye da saƙi mai zaren zinariya, da dogayen faratan ƙarfe a yatsunsu, suna taku a hankali cikin natsuwa. Ta gaba tana ɗauke da ɗan akwati mai ganyen sirih da ƙwallon pinang da farar ƙasa, waɗanda ake haɗawa a tauna su rina baki ja, kamar goro a wurinmu. Za ta miƙa wa baƙo, shi kuma ya ɗauka. Da zarar ya ɗauka, ya amshi girmamawar masu gida ke nan.

Wannan miƙa sirih shi ne tsohon abu, domin ya girmi rawar da ɗaruruwan shekaru. Haka ma a yankin Aceh da ke arewacin Sumatra, inda aka ƙirƙiro rawar Ranup Lampuan a 1959 a kan al'adar nan. Suna son baƙo ya ga darajarsa tun kafin ya zauna.

Mu da muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, da yawanmu kuma zaman baƙunci muke yi a garuruwan mutane, mun san daɗin a tarbe ka da mutunci. Allah ya ba mu ikon girmama duk wanda ya yi sallama a ƙofarmu.