Tarihin Sa Ido Kan Daskarar da Gawa

Kirayoniks, wato ajiye gawar mutum cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili da fatan wata rana likitanci zai iya farfaɗo da mamacin, ya samo tushe ne daga littafin da Robert Ettinger, malamin fiziks a Amurka, ya wallafa a 1964. A ranar 12 ga Janairun 1967 aka daskarar da gawar wani mutum mai suna James Bedford a Kalifoniya, a lokacin da doka ba ta san wata makomar gawa ba in ban da binnewa, ko ƙonawa, ko bayar da ita domin binciken likitoci, saboda haka sana'ar ta tashi ba tare da wata hukuma da ke duba ta ba.

Illar wannan giɓi ta bayyana a 1979 a wata maƙabarta da ke Chatsworth, inda aka tarar gawarwaki tara da ƙungiyar daskarar da gawa ta wani mai suna Robert Nelson ta karɓa amana sun narke sun ruɓe. Kuɗi ne ummul'aba'isin lamarin, domin ruwan naitirojin ƙafewa yake yi a hankali, dole a riƙa ƙara shi a tukunyar ajiya, ƙungiyar kuwa ta dogara ne da abin da dangin mamata ke biya lokaci-lokaci, kuma da biyan ya tsaya sai ƙarin ya tsaya, ba tare da an sanar da iyalan gaskiya ba. A 1981 kotu ta ɗora wa Nelson biyan diyya. Daga wannan abin kunya ne ƙungiyoyin da suka rage, musamman Alcor da aka kafa a 1972 da Cryonics Institute da Ettinger ya kafa a 1976, suka ƙarfafa ƙa'idar da ta fi kowace amfani har yau: a tanadi kuɗin ajiya gaba ɗaya tun mutum yana raye, galibi ta hanyar inshorar rai, sa'annan a keɓe wani kaso da ba za a taɓa ba sai don kula da gawarwakin.

Hukumomi kuwa sun riƙa shigowa ne jefi-jefi, kowace da nata fahimtar. A Amurka ana karɓar gawa ne ƙarƙashin dokar bayar da jiki kyauta da aka fara tsarawa a 1968. Jihar Mishigan ta yi wa Cryonics Institute rajista a matsayin maƙabarta a 2004. Lardin Birtish Kolombiya na Kanada ya haramta sayar da wannan hidima a 1990, yayin da babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke a 2006, a shari'ar iyalan Martinot, cewa dokar ƙasar ba ta yarda da daskarewa ba.

Abin da har yanzu ya gagara shi ne ma'aunin inganci, tun da ba a taɓa farfaɗo da kowa ba, balle a gane aikin da ya yi kyau da wanda ya ɓaci. Saurin sanyaya jiki bayan tsayawar zuciya, da yadda magungunan hana ƙanƙara suka ratsa ƙwaƙwalwa, ƙungiyoyin ne da kansu ke aunawa su kuma ba da rahoto. A 2016, a shari'a kan daskarar da gawar wata yarinya 'yar shekara 14 a Ingila, Mai Shari'a Peter Jackson ya ja hankalin ministoci kan buƙatar tsara doka. Kiran nasa yana kan hanya, domin wanda aka ajiye ba shi da bakin ƙorafi, kuma bai dace a bar mai karɓar kuɗi ya zama shi kaɗai ne mai binciken aikinsa ba.