Rashin barci

Rashin barci (suna, namiji). Halin da mutum zai kwanta da dare idonsa ya ƙi rufuwa, ko ya farka tsakar dare barci ya gagare shi. A ƙasar Maraɗi an fi cewa rashin kwana. Misali: *Tun da hatsi ya ƙare a rumbu, rashin kwana ya kama maigida.*

A Maijirgi, kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram, abin yakan tsananta da bazara. Zafin Afrilu da Mayu kan kori mutane daga ɗaka zuwa tsakar gida, manomi na kwance bisa tabarma yana lissafin iri, bashi da ranar saukar ruwan shuka. Zuciya ta yi ta bugawa har kiran assalatu.

Wani kuwa shi ke jawo wa kansa. Shayin da samari ke dafawa a fada bayan isha'i, da goro, duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa kan kai awa 5 bai bar jini ba. Ga kuma latsa waya a kan shimfiɗa.

Malamai kan hori mutum da alwala da karanta Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Likitoci sun ƙara da tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, da rage barcin rana. Wanda abin ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, ya nufi asibiti, kada ya sayi ƙwaya a hannun masu talla.